Kambin Amaryar Oslo

Rahoton ya iso caji ofis ana shirin sallar la'asar. An sace wani kambin azurfa a gidan baje kolin kayan al'adu da ke bayan titin Corniche na bakin tekun Doha, kuma wai an riga an kama ɓarawon. Aka ce mai gadin ƙofa ne, ɗan Afirka.

Insifeto Muttaka Ɗantala aka tura. Haifaffen Maiwurno ne ta ƙasar Sudan, jikan Hausawan da suka bi hanyar Makka a ƙasa suka yada zango a bakin kogin Nilu. Ya daɗe yana aikin ɗan sanda a Doha, kuma duk ƙarar da ta shafi mutanen Najeriya ko Gana ko Nijar shi ake miƙa wa. Aikin ya koya masa cewa ɓarawon da ake kamawa tun kafin 'yan sanda su iso, galibi wanda ba shi da mai tsaya masa ne.

A waje zafin watan Mayu kamar zai narka kwalta. Yana tura ƙofar gidan sanyi ya mare shi. Da gangan aka ƙure na'urar sanyaya ɗaki, domin makon birnin Oslo ake yi, kuma ana so baƙi su ɗanɗana yanayin can.

Ya bi zauren a hankali. Ga katakan sulu a kan ƙanƙara an jingine a bango. Ga hotunan mutane sun fito daga ɗakin gumi suna tsunduma cikin teku mai sanyi. Ga gunkin roba sanye da rigar gargajiya mai aikin allura. Can gefe wata mata tana toya wata irin waina mai siffar zuciya, tana ɗora mata cuku mai ruwan ƙasa. A tsakiyar zauren kuma akwatin gilashi ne, ƙofarsa a buɗe, babu komai a ciki sai matashin karammiski.

Manajan gidan ya tare shi yana share zufar da ba ta da dalili a wannan sanyi. Ya ce magana ta ƙare, khalas, ga mai gadin can a ofis an kulle, a tafi da shi kawai kafin 'yan jarida su ji. Insifeto ya tambaye shi ko an sami kambin a jikin mai gadin. Ya ce a'a. Ko a akwatin kayansa? A'a. Insifeto ya dube shi irin duban da ake wa kazar da ta shiga masallaci, ya wuce.

Mai kambin wata dattijuwa ce doguwa mai furfura, sunanta Torunn, ita ta zo da kayan daga Oslo. Da Turanci ta yi masa bayani. Kambin amarya ne, tun na kakar kakarta. Duk macen da ta yi aure a gidansu da shi aka kai ta, har da ita, kuma jikarta na jiran ta dawo da shi. Ta ce ƙananan ganyayyakin azurfa ne rataye a jikinsa, suna kaɗawa suna ƙara, don kakanninsu sun yi imani ƙarar tana korar aljanu daga amarya.

"Ƙarar tana da ƙarfi?" in ji Insifeto.

"Ko ɗaga shi ka yi, na bakin ƙofa zai ji."

"Yau wa ya ji?"

Ta ce babu wanda ya ji. Kullum da rana ana kashe fitilun zauren gaba ɗaya na ɗan lokaci, a haska rufi da koren hasken nan da ke rawa a sararin ƙasarsu cikin hunturu. Kowa yana ɗaga kai sama, shiru ake yi. Bayan an kunna fitila jama'a sun watse, sai ta ga akwatin a buɗe.

Insifeto ya durƙusa gaban akwatin. Ba a fasa gilashi ba, ba a ɓalle kwaɗo ba, da makulli aka buɗe. A jikin ƙarfen ƙofar wani jan zaren ulu ya maƙale. Ya zare shi ya sa a ambulan.

"Ofisa, kana ɓata wa kanka lokaci."

Ya waiwaya. Wani matashi ne mai gyararren saje, sanye da farar shat mara kauri, ya rungume hannuwa yana ɗan karkarwa. Ya gabatar da kansa tun ba a tambaye shi ba: Ɗalhatu Nababa, mai ba da shawara kan al'adun Arewacin Turai, amma kowa a Doha Ɗan Oslo yake ce masa. Hausarsa ta hanci take fita, kuma kowace jimla sai ya tsaya yana laluben kalma, wai zaman Turai ya cinye masa harshe.

Ya ce shi ya ga mai gadin da idonsa yana shawagi kusa da akwatin kafin a kashe fitila, kuma shi ya gaya wa manaja.

"Abin kunya ne," in ji shi. "A Oslo mace za ta bar jaririnta cikin keke a ƙofar shagon shayi, ta shiga ta zauna, babu mai taɓawa. Amma mutanenmu, ko allura ka ajiye. Ni shi ya sa ba na cika shiga cikinsu."

"Ka daɗe a can?"

"Shekaru. Har na gaji."

"To ka ga bikin ranar ƙasarsu ke nan, wanda ake ta talla a ƙofa."

"Sha bakwai ga Mayu? Sau nawa. A gaban fadar sarki nake tsayawa. Sojoji, tankokin yaƙi, jirage a sama. Ba irin faretin da kuka sani ba."

Insifeto ya gyaɗa kai kamar ya ƙaru. Ya tambaye shi inda yake lokacin da aka kashe fitila. Ya ce yana bayan zaure tare da manyan baƙi, kuma ko nan da ƙofa bai fita ba tun safe.

Kafin ya shiga ofis, Insifeto ya sake tsayawa wajen Torunn, ya tambaye ta irin tankokin da ake fitowa da su ranar bikin. Duk da halin da take ciki sai da ta yi ɗan murmushi. Ta ce ranar ta yara ce, babu soja babu tanki. 'Yan makaranta ke jerin gwano da ƙananan tutoci, suna waƙa, su wuce ta gaban fada, iyaye suna sanye da kayan gargajiya, kowa na shan askirim. Ta nuna masa hoton jerin gwanon yaran da ya cika bango guda, ba ko taku kaɗan daga inda Ɗan Oslo ke tsaye kullum.

Mai gadin sunansa Alidu, mutumin Zangon Kumasi, ƙato mai ƙaramar murya. Yana zaune a ƙasa ko da yake ga kujera. Ya rantse da Allah tun kafin a yi masa tambaya.

"Ka bar ƙofa yau?"

"Masta, ban bari ba. Ko kaɗan."

"Ko da aka kashe fitila?"

"Ina nan tsaye."

Insifeto ya nuna gaban rigarsa. Wani jan ɗigo ne a kan aljihu, da ɓurɓushin waina a jikin maɓalli.

"A bakin ƙofa ake toya wannan?"

Alidu ya sunkuyar da kai. Daga nan gaskiya ta fito. Tun da aka buɗe bajen yake jin ƙamshin wainar bai taɓa ɗanɗanawa ba. Yau ana gab da kashe fitila, Ɗalhatu ya zo ya dafa kafaɗarsa, abin da bai taɓa yi ba, ya ce ya je ya karɓi waina, shi zai tsaya masa a ƙofa. Ya tafi, ya ci, ya dawo an kunna fitila. Ya ɓoye ne saboda a kamfaninsu barin wurin gadi kora ce, kora kuwa jirgi ne zuwa gida, ga mata da 'ya'ya da tsohuwa duk shi suke kallo.

"Shi ya tura ka, shi kuma ya ce ya gan ka kusa da akwatin. Ba ka faɗa wa manaja haka ba?"

"Na faɗa. Ya ce in rufe baki, wai Oga Ɗalhatu mutumin Turai ne, ba ya ƙarya."

Dole Alidu ya kwana a caji ofis, tunda manaja ya shigar da ƙara da sunansa. Insifeto ya sa aka ba shi abinci da bargo, ya ce masa ya yi haƙuri zuwa gobe.

Washegari da safe Insifeto ya zauna da wani sajen 'yan sanda abokin aikinsa a gaban na'urar kyamara. Ta cikin zaure ba ta da amfani, baƙin labulen da aka rataya don wasan hasken ya rufe mata ido. Ta bakin ƙofa kuwa ta ga komai.

Ga Ɗalhatu ya shigo da safe, cikin ranar da ke ƙona ƙeya, sanye da jibgegiyar rigar ulu ja da fari mai zanen taurari a ƙirji. Saje ya yi dariya, ya ce ai kowa a unguwar Al Mirqab ya san wannan riga, da ita yake zuwa masallaci ma, yana zufa yana ba da labarin dusar ƙanƙara.

Suka matsa gaba. Ga Alidu ya bar ƙofa. Zaure ya yi duhu. Can sai ga Ɗalhatu ya fito da sauri, daga shi sai farar shat, rigar ulun a dunƙule ƙarƙashin hammata, ya riƙe ta da hannu biyu kamar mai ɗauke da kwanon miya. Ya nufi wajen ajiye motoci. Da ya dawo hannunsa wayam.

Insifeto ya ciro ambulan ya dubi jan zaren. Ulu mai kauri, an naɗe kambi a ciki, ganyen azurfa ba zai yi ko motsi ba.

Saje ya ce su je su ɗauko shi yanzu. Insifeto ya ce a'a. Mutum irin wannan, in aka kama shi babu kaya a hannu, sai ya yi ta Turanci har kambin ya bar ƙasa. Sauran abu guda, makulli.

Makullan akwatin biyu ne. Ɗaya yana wuyan Torunn. Ɗayan yana hannun Wasilatu, ɗaliba 'yar Zariya mai karatun digiri na biyu, wadda ke zuwa taya aiki tana zagayawa da baƙi. Insifeto ya same ta a ɗakin ma'aikata, idanunta sun kumbura.

"Makullin ya taɓa barin hannunki?"

"A'a, Yallaɓai."

"Jiya fa?"

"Yana cikin jakata tun safe."

"To ke kika buɗe akwatin ke nan. Ba a fasa ba, dattijuwar kuma ba za ta saci kayanta ba."

Ta hau murza bakin mayafi. Ya ce mata akwai mutum da ya kwana a sel a kan abin da bai yi ba, kuma in har ba ta yi magana ba, kafin mako ya ƙare za a sa shi a jirgi da sunan ɓarawo. Sai ta fashe da kuka.

Ta ce Ɗalhatu ne ya karɓa da hantsi. Ya ce gilashin ya yi raɓa daga ciki, zai goge, kuma a Oslo haka ake kula da azurfa, ita ba za ta gane ba. Bayan an kunna fitila ya maido mata. Da aka gano satar ya ja ta gefe ya ce in ta buɗe baki ita za a fara kamawa, tallafin karatunta ya tafi, a mayar da ita gida hannu rabbana.

"Me zai yi da kambi? Wa zai saya a garin nan?"

Ta share hawaye. Ta ce ba sayarwa zai yi ba. Aure zai yi. Yarinyar sunanta Firdaus, 'yar wani likita ce da ke zaune a garin Al Wakrah. Tun watan jiya take gaya wa ƙawaye cewa angonta ya sa abokansa na Oslo su ƙera mata kambin amarya na azurfa, da shi za ta yi hoton kafin biki. Gobe za ta wuce Kaduna shirin biki, don haka yau da yamma za a ɗauki hoton, a bakin teku bayan kasuwar Al Wakrah.

Insifeto ya tashi. A bakin ƙofa ya tsaya ya ce mata tsoro ba laifi ba ne, amma wanda ya kwana a sel shi ma yana da abin da yake tsoron rasawa. Ba ta ɗago ba.

Rana ta yi sanyi lokacin da suka isa Al Wakrah, shi da saje da Torunn a kujerar baya. Suka ratsa lungunan kasuwa suka fito bakin ruwa, inda aka jingine tsofaffin jiragen katako a kan yashi. Iyalai na zaune a kan tabarmi, yara na guje-guje.

Kunne ya riga ido. Wata siririyar ƙara ce iska ke kawowa, kamar ƙananan ƙararrawa. Torunn ta dafe ƙirji ta tsaya cak.

A gefen wani jirgi amarya ce tsaye cikin farin leshi, kambin a kan mayafinta yana walƙiya. Mai hoto ya durƙusa. Ƙawaye biyu na riƙe da jaka da madubi. Ɗalhatu kuwa yana gefenta cikin kwat, hannu a aljihu, yana koya wa mai hoton yadda ake ɗaukar hoto a Turai.

Da ya hango su, hannun ya fito daga aljihu.

"Ofisa, lafiya? Wannan taron iyali ne."

"Lafiya lau. Kambin nan na zo gani."

"Nawa ne. Daga Oslo aka aiko mini. Irinsu ɗaya da na baje kolin, ai da yawa ake yinsu."

"Wane kamfani ya kawo?"

"Aboki ne ya riƙo."

"Sunansa?"

Ɗalhatu ya hau gyara wuyan kwat. Insifeto ya juya ga amaryar cikin ladabi, ya ce 'yata, don Allah ki cire ki duba cikinsa. Torunn ta riga ta gaya masa a mota cewa an zana sunayen amaren gidansu a jikin ƙarfen daga ciki, nata ne na ƙarshe.

Firdaus ta cire kambin da hannu biyu. Ta karanta a hankali, tana tuntuɓe da baƙin sunaye, har ta kai na ƙarshe. Dattijuwar ta ce, ni ce. A tsakanin ganyayyakin azurfar jan ulu ya maƙale nan da can.

"Ɗalhatu," in ji Firdaus, muryarta ƙasa ƙasa. "Kayan sata ka ɗora mini a ka?"

"Aro ne. Wallahi aro na yi. Gobe zan mayar."

"Ta yaya za ka mayar," in ji Insifeto, "alhali ka ce mai gadi ne ya ɗauka?"

Nan Hausar hancin ta gudu. Da Hausar Gusau tsantsa ya yi ikirari. Ya ce ya yi mata alkawarin kambi tun ranar da ya ga hotonsa a takardar tallan bajen, yana zaton za a samu na roba a kasuwa, bai samu mai kama da shi ba. Mahaifinta ya riga ya gaya wa dangi cewa surukinsa mutumin Turai ne. Ba zai iya zuwa hannu rabbana ba. Ya yi niyyar bayan hoto ya jefa shi a wani kwandon shara kusa da gidan bajen, a tsinta, a ce mai gadin ne ya yar.

"Shi kuma fa?"

"Ai irinsu ko an kore su suna samun wani aikin."

Ko saje, wanda ba ya jin Hausa sosai, sai da ya tofar da yawu.

Firdaus ta tambaye shi abu ɗaya, ko ya taɓa zuwa Oslo. Ya dubi yashi. Ya ce ya nemi biza sau biyu ba a ba shi ba, amma ya kalli bidiyon garin da yawa, ya san shi kamar tafin hannunsa. Ɗaya daga cikin ƙawayen ta saki wata 'yar dariya, ta toshe baki da mayafi.

Amaryar ba ta yi kuka ba. Ta je gaban Torunn, ta ɗan rusuna, ta miƙa mata kambin, ta roƙe ta gafara, ta ce ba ta sani ba. Dattijuwar ta rungume kambin da hannu ɗaya, ta riƙe hannun yarinyar da ɗayan. Sannan Firdaus ta zare zoben da ke yatsanta. Ba ta ba shi a hannu ba. Ta ajiye a kan katakon jirgin, ta ce wa ƙawayenta su tafi.

Insifeto ya kira caji ofis ya ba da umarnin a saki Alidu, a kuma rubuta wa kamfaninsa cewa babu laifin sata a kansa, kuma wanda ya ɗauke shi daga ƙofa shi ne ɓarawon. Ya ce a gaya wa manajan gidan bajen ya zo da safe da ƙafarsa, akwai bayanin da zai yi.

Saje ya ciro ankwa. Ɗalhatu ya matso kusa da Insifeto, murya ta koma ta maroƙi.

"Baba, ka rufa mini asiri. Mu fa duka Hausawa ne a ƙasar mutane. Ɗanka ne ni."

"Jiya ka ce ba ka cika shiga cikinmu ba."

"Kuskure ne, Baba."

"Alidu ma Hausa yake ji. Da ita ka aike shi cin waina."

Ankwa ta rufe. Ɗalhatu ya waiga ya ga jama'a sun fara taruwa, cikinsu har da wasu direbobi 'yan Najeriya da suka san shi, sun bar shayinsu sun miƙe tsaye. Ya roƙa a bi da shi ta bayan kasuwa, inda babu mutane.

Insifeto Muttaka ya dubi lungun bayan, ya dubi babbar hanyar da ta ratsa tsakiyar kasuwa, cike da masu cin abinci da masu shan iska.

"Motarmu tana gaba," ya ce. "Yalla, mu tafi."